Nama Ya Ƙare, Sai Wele

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin Samira ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen unguwarmu ta Aboabo a Kumasi sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Ni mai sayar da waakye ce, shinkafa da wake irin tamu ta Gana, da taliya da shito, wato baƙar miyar yaji, da ƙwai da nama. Teburina yana bakin titi, kuma duk maganar da ake yi a Zongo, yankin Hausawan garin, sai ta biyo ta gabansa kafin ta wuce. A lokacin aka fara nuna wani sabon wasa a talabijin mai suna Zangon Wata. Wai nan gaba Kumasi ta cika ta batse, babu inda mutum zai shimfiɗa tabarma, sai mutanen Zongo suka tattara komatsansu suka shiga jirgi suka koma duniyar wata da zama. (Ko a can ma ɗaki ɗaya gida guda ke kwana. Wanda ya rubuta wasan ya san mu.)

Washegarin ranar da aka fara nunawa, kowa ya wayi gari masanin sararin samaniya. Direban tasi da bai taɓa wuce Tamale ba yana rantsuwa jirgin ba zai iya tashi ba, domin bai ga inda ake zuba mai ba. Mata suna cewa kayan da 'yan wasan ke sawa sun matse su da yawa, a wata babu tela ne? Wata tsohuwa ta ce a fara gyara kwatar ƙofar gidansu tukuna kafin a tafi sama. Malam Garba, mai makarantar Islamiyya ta bayan gidanmu, ya ce kallon wasan ɓata lokaci ne tsantsa, amma babu ɗan wasan da bai san sunansa ba, har da wanda ya mutu a fitowar farko. Shi ne ya kawo tambayar da ta kusa haɗa faɗa a gaban teburina: idan mutum yana tsaye a kan wata, wane wata zai duba ya ɗauki azumi? Mutane suka bar abinci yana hucewa suna musu.

Kowa yana zagin wasan, amma ran Asabar da magariba ta yi sai titi ya yi tsit.

Ni kuwa ina jin su ina murmushi, irin murmushin wadda ta san abin da wasu ba su sani ba. Domin ina cikin wasan.

Watanni kafin nan, masu shirya shi sun yi aiki a wani tsohon sito a Asokore Mampong, ni nake kai musu abincin rana. Wata rana daraktan, wani saurayi siriri mai gilashi, ya tsaya yana kallona ina zuba wa yaransa abinci. Ya ce, "Anti, za ki taimake mu ki fito a wasan nan?"

Na ce, "Ni? A matsayin wa?"

Ya ce, "Ke ce za ki ciyar da mutanen wata gaba ɗaya."

Mai hankali da ta ƙara tambaya. Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. Suka tsayar da ni gaban wani koren ƙyalle, suka manna mini ɗigo-ɗigo a fuska, suka ba ni ludayi. Darakta ya ce in faɗi abin da ya saba ji a bakina kullum: "Nama ya ƙare, sai wele." (Wele ita ce ganda, ga wanda ba ɗan gari ba.) Na faɗa. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce in karkata kai hagu, in zaro ido, in faɗa da sauri, in faɗa a hankali. Na yi ta yi har muryata ta dushe, suna ta tafi suna dariya. Na dawo gida na ce wa maigidana ashe wasan kwaikwayo ba wuya.

Ya ce, "Me kika fito?"

Na ce, "Mai ciyar da al'umma."

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri," ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Da wasan ya yi farin jini sai na kasa riƙe bakina. Na fara da gaya wa mutum ɗaya, na ce kada ta faɗa wa kowa, wanda a Zongo ma'anarsa a sanar a masallaci. Kullum labarin yana ƙara ƙiba a bakina. Da farko na ce na ɗan fito. Daga baya na ce ina da babban matsayi. Kafin mako ya zagayo na zama Magajiyar Wata, uwar duk matan da ke can sama. Ban san lokacin da na naɗa kaina ba, amma sarautar ta yi mini daɗi, har na canza tafiya.

Sai darakta ya kira ni ya ce Asabar mai zuwa za a nuna ni. Asabar ɗin kuwa ita ce wunin bikin Samira, 'yar yayata, kuma ni ce mai abincin biki.

Yaya ta roƙe ni. Ta ce, "Don Allah ki bari a gama biki lafiya, ai za su maimaita ran Lahadi, ki kalla a ɗakinki."

Na ce, "Yaya, dangin ango su san irin gidan da suka shigo. Ba kowane gida ke da 'yar wasa ba."

Na ari ƙatuwar talabijin. Na sa aka kawo janareto don kada dumso, ɗaukewar wutar da muka saba da ita, ta yi mini asara. Na ɗinka leshi mai ruwan azurfa, wai don ya dace da wata. (Amarya ma ba ta yi ƙyallin da na yi ba, kuma a lokacin ban ga laifin hakan ba.)

Ranar biki an kafa rumfuna sun toshe layi, an cika maƙil. Abinci ya zagaya, kuma kamar yadda aka saba, waɗanda suka zo a makare na ce musu nama ya ƙare. Ana idar da sallar magariba mai kiɗa ya saki sauti, amarya da ƙawayenta suka shiga fili, an fara liƙi ke nan, sai na je na karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa.

Na ce, "Jama'a, a dakata da rawa. Yau za ku ga 'yar Zongo a duniyar wata."

Har yau ina ganin fuskar Samira, tana tsaye tsakiyar fili da lalle a hannu, ba ta san ko ta zauna ko ta ci gaba da tsayuwa ba. Ban tsaya nan ba. Na je na kamo hannun uwar ango, Hajiya Ummu, mace mai kwarjini wadda tun safe ba wanda ya ga haƙorinta, na zaunar da ita a kujerar gaba, na zauna kusa da ita.

Wasa ya fara. Masana suka fara aiki.

"Kai, wannan hular ai tukunyar gas ce aka yanke!"

"Ei, a wata ma ana goyo?"

"Wannan ƙurar ta Asokore Mampong ce, na gane dutsen can!"

Can sai ga wata mace ta fito da rawanin azurfa, jama'a na rusuna mata. Yarinya ce doguwa siririya kamar sandar rake. Wata daga baya ta ɗaga murya, "Anti, ke ce wannan?" Aka yi dariya kaɗan. Na ce su kwantar da hankali, babba ba ya fitowa da wuri.

Sai jarumin wasan da abokinsa suka ce yunwa suke ji, suka shiga wani gidan abinci. Na gyara zama, na taɓa Hajiya Ummu na ce, "Hajiya, yanzu ne."

Ƙofa ta buɗe. Wani abu ya gangaro a kan taya, ƙiiii. Jikinsa na ƙarfe ne, mai kusurwa huɗu kamar tsohon firji, ya yi tsatsa a gefe. Hannu ɗaya gare shi, hannun kuma ludayi ne. A samansa an dasa kai. Kaina. Da wushiryata, da ɗaurin ɗankwalina, har da tabon da mai ya yi mini a goshi.



Jarumi ya ce a sa masa nama. Injin ya karkata kai hagu, ya zaro ido, ya ce da muryata, "Nama ya ƙare, sai wele."

Wani yaro ya ƙwala ihu, "Wallahi Anti ce!"

Ban taɓa roƙon Allah ya kawo dumso ba sai ranar. Na roƙa da zuciya ɗaya. Janareton da na kawo da hannuna yana can yana ruri cikin ƙoshin lafiya.

Jarumi ya sake tambaya. Injin ya sake ba shi amsa. Sai ya sarƙe. "Nama ya ƙare, nama ya ƙare, nama, nama, sai wele, wele, wele." Kaina ya fara juyawa kamar fanka, hayaƙi na fita ta kunnuwana, ludayi na watsa wa mutane shito. Abokin jarumi ya zagaya ta baya ya ɗirka wa injin duka. Sai wata 'yar ƙofa ta ɓalle a cikinsa, nama ya fara zubowa. Soyayye, dafaffe, tsoka zalla, yana ta ambaliya har ya rufe musu ƙafafu, ni kuma a sama ina nan ina rantsuwa ya ƙare.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya. Duk mai sayar da abinci tana ɗan ajiye nama a ƙasan tebur saboda manyan kwastomomi. Ba sata ba ce, tsari ne. Ban san cewa ɗan banzan daraktan nan duk kwanakin da nake kai musu abinci idonsa na kan ƙasan teburina ba.

Rumfa ta kusa faɗuwa. Mata suna riƙe ciki, samari suna birgima a kan kujeru. Direban tasin nan ya hau kujera yana cewa, "Dama mun sani! Shekara nawa muna cin wele!" Na juya a hankali in ga Hajiya Ummu, ina fatan ko ita za ta ji haushi ta tashi a watse. Matar da tun safe ba ta yi murmushi ba, ga haƙorin Makka a waje, hawaye na zuba, tana dukan cinyata tana cewa, "Wayyo cikina! Don Allah a mayar baya!"

Na ce a raina, to, an kai ƙarshe. Ashe da saura.

Wani daga cikin waɗanda suka zo a makare ya ce, "To ai mu ma ɗazu an ce mana ya ƙare!" Sai layin baya suka ɗauka kamar waƙa: "A buɗe ciki! A buɗe ciki!" Yaya ta tashi ta nufi teburin abinci, ta ɗaga ƙyallen da ya rufe shi, ta jawo babbar kula. Ta buɗe. Cike take da soyayyen naman sa.

Na ce, "Yaya, na baƙin gobe ne!"

(Rabinsa na baƙin gobe ne. Sauran rabin kuma ban ga dalilin da zai sa a yi ta bincike ba.)

Babu wanda ya ji ni. Aka raba naman a take, mai kiɗa ya saki sauti, 'yan mata suka shiga fili suna rawa da hannu ɗaya a sanƙare suna juya kai. Na zame ta bayan rumfa da leshina na azurfa, wanda ke ƙyalli ta yadda ko makaho zai ga inda na bi. A gida na tarar da maigidana gaban talabijin. Ya dube ni ya ce, "Sannu da sauka, Magajiya. Ya hanya?"

Kwanaki ban fita kasuwa ba. Hoton ya shiga kowace waya, har dangi na Accra suna turo mini, wai ko na gani. Na kira darakta in wanke shi tas, sai ya riga ni da murna: "Anti, kin fi jarumin farin jini! Mutane na cewa a dawo da ke!" Malam Garba kuma ya sanar a majalisarsa cewa duk wasan ƙarya ne, wurin injin nan kaɗai ne gaskiya.

Abin da ya fi damuna Samira ce. Yarinya ta yi wata da watanni tana shirin ranarta, amma babu mai tuna kayan da ta sa. Na je gidanta na zauna a bakin kujera na ce ta yafe mini. Ta ce ranar kam ta yi kuka. Sannan ta ce da tana tsoron surukarta kamar me, yanzu kuwa kullum Hajiya sai ta kira ta ɗaki su kalli wurin su yi dariya tare. Ta ce, "Anti, kin gyara mini zaman aure." Na ce madalla, ashe mutuncina bai tafi a banza ba.

Da na koma teburina layi ya ninka. Rabinsu ba yunwa ta kawo su ba, so suke in faɗi maganar su ɗauka a waya. Yanzu idan nama ya ƙare da gaske ba na buɗe baki, sai dai in kifa tukunya in ɗaga ƙyallen tebur kowa ya leƙa.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. Kafin ki tara jama'a su zo kallonki, ki fara kallon kanki ke kaɗai, ƙofa a kulle. Kuma makirufon bikin wani ba naki ba ne, ko da kuwa ke kika dafa abincin.

Samira ta haihu kwanan nan. Yaya ta aiko mini cewa ana gayyatata suna, in zo da cikina kawai, an ba wata aikin girki.