Wayar Fada da Wayar Zance

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaga kai a falon wani abokina na ga wani ɗan farin faifai manne a silin, murya tana saukowa daga cikinsa, babu waya ko ɗaya a fili. Nan take na hango kaina ango, na hango Saudatu ta shigo ɗakinta a lulluɓe, sai kawai muryata ta sauko mata daga sama kamar yayyafi. (Laifin littattafan yayyena mata ne. Tun ina firamare nake satar su ina ɓoyewa cikin littafin lissafi.)

Lokacin ana gina min ɗan bene a kangon kakanmu da ke Koki, ba a kai ga filasta ba. Na nemo Malam Sabo mai wayarin, dattijo marar son dogon zance. Ya fasa bango, ya binne bututun roba, ya zura wayoyi: ta intanet, ta talabijin, da ta lasifika zuwa wuri uku, wato zaure, falo da ɗakin amarya. Duk suka haɗu a wani ɗan lungu a saman bene, inda za a ajiye na'urar sauti.

Ranar da zai tafi wani aiki a Zariya ya miƙo min farin salatif da biro.

"Ango, ka bi kowace waya ka rubuta ɗakin da ta nufa. Idan birkila ya shafe bango, ni da kai ba mai sake ganin hanyarta."

Aiki mai sauƙi. Amma ni a ganina mutumin da ya karance littattafan soyayya ba zai rubuta "ɗakin kwana" kamar mai cike takardar asibiti ba. Ɗakin amarya ai fadar sarauniyata ce, salatif ɗin kuma gajere, sai na rubuta "Fada". Zaure kuwa ya tuna min da zauren gidansu a Kabara, inda na shekara biyu ina zuwa zance, sai na rubuta "Zance". Na ja da baya ina kallon rubutuna, har wani daɗi nake ji.

Aka yi filasta, aka yi fenti. Malam Sabo ya dawo ya haɗa na'ura ina wurin aiki. Shi kuma ya karanta irin karatun masu hankali: fada ai inda manya ke zama ne, zaure ke nan, zance kuwa tsakanin ango da amarya, ba sai an faɗa ba. Ya liƙa wa kowane makunni suna da kyakkyawan rubutunsa. Ya so ya gwada, amma kwana uku babu wuta a unguwar. Da ya kira ni a waya na ce ya bari kawai, ai komai a rubuce yake.

Saura kwana biyu ɗaurin aure, aka haɗa abu biyu a rana ɗaya. 'Yan jere suka cika tsakar gida da kwanuka da shewa, malamai kuma suka zauna a zaure suna saukar Alƙur'ani don sabon gida. A tsakiyarsu akwai Baffa Lawan, yayan mahaifin Saudatu, wanda shi ne waliyyinta. Mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda da ni, sharaɗinsa kuma ɗaya ne: yana son yaro mai natsuwa. Shekara biyu ina sunkuyar da kai a gabansa har wuyana ya saba.

Bayan azahar aka kawo wuta. Zuciyata ta ce, ga dama. Mata suna ƙasa suna cin abinci, ɗakin amarya babu kowa, bari in ji yadda saƙon da na ɗauka a wayata zai fito. (Sau goma sha ɗaya na ɗauke shi, a cikin mota, gilashi a rufe.) Na haɗa, na danna makunnin da aka rubuta "ɗaki", na leƙa ɗakin. Shiru. Na koma na ƙara murya. Shiru. Na murɗa har ƙarshe.

Sai na lura gidan ma ya yi shiru. Babu ƙarar kwano, babu shewa. Daga nan na ji wani mutum yana magana daga ƙasa, ta taga, da wata irin murya mai rawa.

"Saudatu, hasken idanuna, sanyin ƙirjina. Tun ranar da na gan ki a ƙofar gida da kwanon awara, ban sake cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba."

Ni ne. A zaure.

Mai hankali zai kashe na'urar da ke gabansa. Ni kuwa sai na kwasa da gudu na sauka bene, wai zan je in tare muryar a can. Na ratsa 'yan jere, wata gwaggon amarya tana cewa, "Ango, a hankali, kar ka faɗi ka bar mana hasken ido da takaba!" Ina isa bakin zaure, malamai sun ɗaga hannu za a shafa addu'a, duk sun daskare suna kallon silin, daidai lokacin da silin ɗin ke cewa:

"Ko Baffa Lawan da ɗaure fuskarsa bai isa ya raba mu ba."

Na durƙusa. Na sunkuyar da kai. A raina na gama lissafa yadda za a kwashe gadon da aka ɗaura ɗazu a mayar Kabara.

Muryar ba ta san an shiga uku ba, ta ci gaba abinta: "Allah ya bar mu tare har tsufa, ya sa ke ce matata har a Aljanna."

Malamai goma sha biyu, hannuwa a sama, bakinsu ya riga tunaninsu. Gaba ɗaya suka amsa, "Amin!"

Wani ya fara tari. Wani ya ja rawani ya rufe baki. Baffa Lawan ya shafa fuskarsa a hankali, ya dube ni.

"Kai ne ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baffa."

"To, ni dai ban ce zan raba ku ba. Fuska kuma haka Allah ya yi ta." Ya juya wurin malamai. "Ku tashi, yaro ya riga ya rufe mana addu'a."

A ranar na ga haƙoransa. Akwai wushirya ma.

Bayan kwana biyu ya ɗaura auren da bakinsa. Saudatu ta ji saƙon daga bakin mata bakwai kafin ta ji daga silin, kowacce da nata ƙarin gishirin. Malam Sabo ya zo ya sauya wayoyi biyu cikin minti ɗaya, ya karɓe bironsa ya tafi. Abin da na koya shi ne, kalaman soyayya a kai su kunnen mai su, jikin waya kuwa a rubuta "zaure".

Baffa Lawan yanzu ya tsufa, ƙafa ta hana shi yawan shiga cikin gida. Bara da aka gyara masa zaure, ya sa Malam Sabo ya ja masa waya har ɗakin Hajiyarsa, wai don ta riƙa jin karatun safe. Da na je gaishe shi ya sallami ɗalibai, ya matso da ni kusa, ya rage murya.

"Wannan abin naka na hasken ido. Bayan sanyin ƙirji, me ke biye?"