Shuɗin Layin Klo

Duk wanda bai gode wa Allah da ya ba ƙauyen Pointe Sarcelle ɗa irin Clovis Pitre ba, butulu ne. Yaro ya tafi New York da ƙarnin jatan lande a rigarsa. Bayan shekara tara ya dawo da baƙin mayafi naɗe a wuya, cikin zafin nan na Louisiana, da sabon suna, Klo. Harafi uku kacal, don kada ya ɓata wa duniya lokaci. Masunta dai Uban Teku suke ce masa.

Farkar da mutanensa ya zo yi. Ashe bayin Allah ba su san teku na cin ƙasarsu ba, shan iska ne ya sa suka ɗora gidajensu bisa dogayen turaku.

Ga gagarumin aikin: zai ja shuɗin layi a bangon tsohon gidan ƙanƙara na bakin ruwa, ya nuna inda ambaliya za ta kai nan da shekara hamsin. Ranar Asabar Madam Halloran ta gidan baje kolin zane na birni za ta zo dubawa. In ta zaɓe shi, sunansa ya hau bango. In ba ta zaɓa ba, sai komawa wanke kofuna a shagon kofi, aikin da shi yake kira bincike.

Matsala ɗaya, bangon ya yi masa ƙazanta. Duk karce-karcen ƙusa da lambobi, aikin ƙauyawa. Gwani ya shafe shi da farin fenti har sau biyu, ya tambayi kwamfutarsa, ya ja layi daidai ƙirjinsa.

Asabar aka taru, galibi don an ce akwai shinkafa da wake kyauta.

"Jama'a, ban zo muku da fenti ba, tsoro na kawo," in ji Klo, hannu a zuciya. "Wannan layi kukan duniya ne. Jikokinku za su tsaya cikin ruwa har ƙirji."

Gwaggonsa Odile ta ajiye cokali. "Kai, Clovis."

"Klo, Gwaggo."

"Ko ma wane ne. Har ƙirji ka ce? To Allah ya nuna mana wannan sauƙi. Ruwan bara sai da ya shanye ƙofar nan. A kan rufi kawunka Ulysse ya wuni da karensa, suna rabon biskit."

Madam Halloran ta juyo. "Baba, kina da tabbacin tsawon?"

"'Yar nan, ai rubutawa muke. Tun zamanin kakana, duk ruwan da ya zo sai a karce masa layi da ƙusa a bango, a sa shekara, da sunan wanda ya tafi da shi."

"Shekara nawa ke nan?"

"Ta fi ɗari."

"Ina bangon yake?"

Kowa ya dubi farin bango, fes, sai ƙyalli yake.

Madam ta ce in fentin ya fita, aikin ƙusar nan take so, da sunan mutanen ƙauye a kansa.

Litinin da safe Uban Teku na bisa tsani da wuƙar kankare fenti, mayafin ya zama tsumman share gumi. Gwaggo Odile na ƙasa a kujerarta tana firfita.

"A hankali, ɗan nan. Ɗaga hannu, ƙara dai. Sunan kakanka na can sama da shuɗin naka."