Shaidar Mai Silifas

Jiya aka tabbatar mini a hukumance cewa ban je inda na je ba.

Maƙwabcina a Jakara, Alhaji Hamid, jikan Larabawan fatake, tun gemunsa na baƙi yake buga golf, wasan nan na korar 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Bai iya ba, shi ma ya sani. Ƙwallonsa ta fi sabawa da gindin darbejiya. Burinsa dai, kafin gwiwa ta ƙi, a ce da shi gwani ko sau ɗaya.

Tun da gari ya rikice abokan wasansa suka watse. Wa zai saɓo doguwar jaka cike da ƙarafa ya doshi shingen bincike? Sai ya roƙe ni rakiya. Muka hau adaidaita, kowane shinge mu sauka hannu sama, Alhaji na rantsuwa cewa kayan motsa jiki ne.

Filin ba kowa sai balbelu. Alhaji ya gyara tsayuwa, ya yi bismilla, ya maka. Jama'a, bugu ɗaya ta shige rami! Dattijon nan ya zauna daɓas yana hawaye, ni ma sai da ya ba ni tausayi.

Muka garzaya wajen jami'in kulob ɗin golf, Mai Girma Garkuwan Dokokin Fili, don a rubuta bajintar, muka tarar yana gyangyaɗi.

"Wa ya shaida?" in ji shi.

"Ga Malam Ashafa, a kan idonsa aka yi."

Ya dube ni daga hula har ƙasa. "Doka ta hana shiga fili da kaftani da silifas. Tunda ta hana, bai shiga ba. Wanda bai shiga ba me zai gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ina masu takalmin da za su shaida?"

"Mun kafa kwamiti ya binciko dalilin da ya sa ba sa zuwa."

"Ya gano?"

"Bai zauna ba tukuna. 'Yan kwamitin ba sa zuwa."

Wallahi raina ya ɓaci, amma dole a yaba. Da wannan basirar ake riƙe da garin nan. An ce babu layin mai, an ce ƙarar da ta girgiza mana kwanon ɗaki taya ce ta fashe. Da ina musu, yanzu na gane: duk mu da muka gani silifas ne a ƙafarmu.

Na rako Alhaji har gida. A zaure ya jingine jakar, ya ce, "Malam Ashafa, ni da filin nan sai dai labari."

Yau da safe na hango Hajiya Saudatu, uwargidansa, tana kakkaɓe katifa da sandar golf ɗinsa. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Da na ce a kai sunanta kulob, sai na tuna da silifas a ƙafata na gani.