Ranar da Na Kai Surukina Shiga Kwalekwale a Komadugu

Ko me zan manta a zamana na Diffa, ban da ranar da na mai da kaina ɗan jagoran yawon buɗe ido.

Daga Tawa aka turo ni aiki, na taho da matata Hadiza. Mahaifinta, Alhaji, bai so ba sam, wai na kai masa 'ya ƙarshen duniya. Don in kwantar masa da hankali, kullum a waya sai in ta cika baki: muna da kogi, muna da kifi, kowace Lahadi muna cikin kwalekwale muna shan iska. (Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa ganin Komadugu, a watan Oktoba, ta tagar mota. Daga nan sai wurin aiki kawai: biro, gida, biro, gida.)

Cikin Afrilu sai ga Alhaji. Ya ce ya zo ya gani da idonsa, in wurin bai yi masa ba, da 'yarsa zai koma. Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Baba, gobe zan kai ka ka ga kogi."

Na ari rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana nutsewa a wurin wani abokina ma'aikacin agaji. Muna sauka daga mota na sa Alhaji ya ɗora tasa a kan babbar riga, har da ɗaure masa igiya da hannuna. Muka ratsa gonakin tattasai da aka gama girbewa, ina gaba ina zuba bayani kamar kakana ne ya haƙa kogin.

Sai muka gangara wani fili mai faɗi, yashi zalla. Ga jirage biyu a kife.

"Me jirgi yake yi a kan yashi?" in ji Alhaji.

"Gyara ake musu, Baba. Ruwan yana gaba."

Ni kaina na yarda da maganata, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya mini Komadugu yana ƙafewa da rani, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Haka muka taka yashin nan, rana na dukanmu, Alhaji na zufa cikin rigar ruwa, mata masu itace a ka suna tsayawa suna kallonmu.

Muna hawa wancan tudun wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya ciro tabarau, ya karanta a nutse, ya miƙo mini. Kamfanin waya ne yake masa barka da zuwa Najeriya.

"Malam," ya ce, "ashe mun haye."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tsallakar da surukina iyaka da ƙafa, ta tsakiyar kogin da muke nema.

A gida ya ba Hadiza labari, ta yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "Zauna abinki. Mutumin da bai san kogin garinsu ya ƙafe ba, ba ya yawo."

Na samu matata, na rasa mutuncina. Yanzu in baƙo ya ce in zaga da shi gari, kasuwa nake kai shi, ita ma sai na fara leƙawa na tabbatar tana nan.