Rasuwar Tada-Raggo, Gangar Gidan Illo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, tare da sallamawa ga hukuncin Mai kowa mai komai, Sarkin Makaɗan Noma Kalilu ɗan Wakili, jikan Illo, na Gidan Illo da ke gabas da Tsamaye, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Sabon Birni da Isa da Turba rasuwar gangar gidansu, wadda duniya ta sani da suna Tada-Raggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, washegarin ruwan shuka na bana, a bakin gonar Sarkin Noma Atiku, a gaban mutum sama da sittin, bayan jinyar shiru ta damina biyu. Shekarunta saba'in da biyar.

Sarkin Makaɗa ya san abin da jama'a ke jira su ji. Ya san wasu ba ta'aziyya ce a ransu ba. So suke su ga ko zai tsaya a kan maganar da ya faɗa a bakin gona, cewa duk wanda ya sa wa marigayiya wuƙa ba zai ƙara kwana a gidansa ba, alhali kowa ya ji mai wuƙar ita ce mai ɗakinsa Hajjo, wadda suka shekara arba'in tare. Za a zo wurin. Amma a gidan Illo ba a taɓa yanke hukunci kafin a ba mamaci haƙƙinsa ba, kuma ba a kan Kalilu za a fara ba.

An sassaƙa marigayiya daga gindin alilliba a bakin gulbi, shekarar da fara ta cinye gero har ta koma kan danga. Ta yi wa Illo aiki shekara ashirin da biyar, ta yi wa Wakili ashirin, sauran kuwa a kafaɗar Kalilu ta yi su. Sau goma sha ɗaya ana sauya mata fata, muryarta ba ta sauya ba. Ba ta taɓa zuwa gidan biki ba, ba ta taɓa bin mai kuɗi a kasuwa tana wasa shi ba. Gangar noma ce, wurin gayya kaɗai ake jin ta, inda maza suka jeru da hauya a gonar mutum guda. Idan ta ce gidim, gidim, gidi-gidim, babu ɗan ƙasar nan da ke neman tafinta. Kowa ya san cewa take: tashi raggo, rana ta yi.

Kalilu kansa yana ɗan shekara bakwai aka rataya masa kazagi, ƙaramin ƙanen ganga mai amsa mata, ya shekara ashirin yana bin bayan mahaifinsa kafin a yarda ya taɓa ta. Ba ɗabi'arsa ba ce ya yabi hannunsa. Sai dai dattawan Turba na nan da rai, a tambaye su gayyar da aka shirya wa kwana biyu, wadda Tada-Raggo ta sa aka gama kafin azahar, har wasu samari suka zarce cikin gonar maƙwabci suka nome masa kunya goma sha huɗu ba su sani ba. Mai gonar ya zo yin faɗa, ya ji kiɗa, ya karɓi hauya.

Kada wani ya ce Sarkin Makaɗa yana yabon abin gida don bai ga na waje ba. Ya bi fataken goro har Kumasi, ya ga manyan ganguna biyu, mace da namiji, ana kaɗa su da ƙugiyoyin itace suna jero sunayen sarakuna. Ya girmama su, amma bai ga sun sa kowa ya sunkuya ya yi noma ba. A Ibadan ya ga kalangun Yarbawa mai ƙararrawa a wuya, mai zance har ya gaji mai saurare. Baffansa Maliki, wanda ya je yaƙin Bama, ya ba shi labarin makaɗan Indiya da ke zama dirshan a tabarma gaban 'yan ganguna biyu masu baƙin tabo a fuska, suna taɓa su da yatsu kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Kalilu ya ce madalla, amma kiɗan da ake yi a zaune ba ya ta da na zaune. Na ƙarshe da ya gani su ne matan Buzayen da fari ya koro daga arewa suka sauka bayan Sabon Birni. Turmi suke ɗauka su ɗaura masa fata, su yayyafa ruwa, su kaɗa su yi waƙa, in sun gama su kwance fatar su koma daka a cikinsa. A ranar ya ce gangar da ke ƙamshin yaji ba ganga ba ce. Yana roƙon jama'a su riƙe wannan magana, za a neme ta nan gaba.

Game da ciwon ajali, dole a fara da dokar gida. Illo ya kafa, Wakili ya kiyaye: idan kaka ta wuce, a naɗe Tada-Raggo da gwado a rataye ta a ɗakinta, kada a kwance ta sai ruwa ya sauka Sarkin Noma ya tona ƙasa ya ga laima ta kai taƙi guda. Ran da ta kai kuma, daga lokacin da makaɗi ya sauko da ita har ya yi bugun farko a bakin gona, ba ya magana, ba a yi masa magana. Damina biyu laima ba ta kai ba. An yi shuka bisa fata, rana ta ƙone. An sake, ta ƙone. Marigayiya na rataye, Kalilu na tsayawa bakin ƙofa kowace safiya yana gaishe ta, bai taɓa sa hannu ba.

Akwai doka ta biyu, ta Wakili ce: ba a tsayawa ƙofar gidan nan da ƙwarya a koma da ita wofi. Kalilu ya kiyaye ta kamar ta farko. Fulani sun zo, Buzaye sun zo, dangi na kusa da waɗanda sai an yi dogon lissafi sun zo, kowa ya samu. Hajjo ta yi magana, ta ce a bar ko da iri ne. Ya karanta mata tarihin mahaifinsa tun daga farko. Wata safiya ta ce masa rumbu ya ƙare, har ta share. Ya ce haka Allah ya so, ya ji a ransa bai kunyata uba ba.

A cikin makon da rumbu ya ƙare ne, lokacin da gida ya koma kan ganyen tafasa da dusa, aka kawo masa wata miya mai 'yan yanka-yankan ganda a ciki, taushi kamar an kwana ana lallashinta. Ya ce rabonsa da irin wannan ɗanɗano tun zamanin da, har akwai ƙamshin man shanu a ciki. Ya tambayi inda aka samo, aka ce Allah ne ya kawo. Kwana uku ana cin ta. Ya kamata a ambata a nan cewa shekara tara Sarkin Makaɗa ya yi yana shafa wa fatar marigayiya man shanu da hannunsa.

Ranar Litinin ruwa ya sauka. Da safiyar Talata Sarkin Noma Atiku ya tona, ya aiko cewa laima ta wuce taƙi. Kalilu ya shiga ya sauko da ganga, ya ji ta yi nauyi ƙwarai, ya ce a ransa baƙin cikin damina biyu ne ya taru mata, ko kuma kafaɗarsa ce ta tsufa. Hajjo ta tare shi a tsakar gida ta buɗe baki. Ya ɗaga mata hannu, don doka doka ce. Ta sake tare shi a zaure, ya kau da kai. Sai ta naɗe tabarma ta bi bayansa, mutane na mamakin wace irin mace ce ke zuwa shuka da shimfiɗa.

A bakin gona jama'a sun taru, mafi yawansu al'ada ce kawai ta kawo su, don babu abin da za su zuba a rami. Kalilu ya yaye gwado yana kallon gabas, kamar yadda Illo ke yi. Duk wanda ke tsaye bayansa ya ga abin da shi bai gani ba: fuskar baya ta ganga babu fata, faifai ne aka ɗaure da igiya. Mutum sama da sittin suka gani, babu wanda ya yi tari, domin su ma sun san doka. Hajjo ta durƙusa ta shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin ganga, ta ja gefe.

Ya ɗaga gula, sandar kiɗa, ya sauke. Marigayiya ta ce ɓuf.

Ya ɗauka muryar barci ce. Ya tattara ƙarfin damina biyu ya sake bugawa. Ta ce ƙarrr, wannan ce kuma kalmarta ta ƙarshe. Fatar gaba ta yage, kangonta na itace ya tsage daga baki zuwa baki, faifai ya faɗi, gero ya rinƙa kwararowa kan tabarma, fari tas, kamar ba zai ƙare ba. A nan ne, da ya juya ganga ya ga sawun wuƙa, ya faɗi maganar da kowa ya ji.

Hajjo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni ta. Ni niy yanke bayanta niz zuba iri, don nan kaɗai na san hannunka ba ya kai. Fatar kuwa ba ta ɓace ba. Sau biyu anka ƙara maka."

Sarkin Noma ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya guda ya ciza, ya ce iri ne mai rai, na gida, irin da aka ɗauka ya ƙare a ƙasar nan. Kalilu ya ce bai kamata a raba kayan cikin mamaci gawa ba ta huce ba, amma babu wanda ya ji shi. Aka raba da ludayi, gida-gida. Hajjo ta karkaɗe tabarmarta, ta ce maganar Sarkin Makaɗa ba ta faɗuwa ƙasa a gaban mutane, ta kama hanyar Turba gidan ƙanenta. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Wada masassaƙi ya duba kango ciki da waje, ya ce ko za a tara masassaƙan Gobir duka, wannan ba ta ƙara magana.

Marigayiya ta bar gula, abokin zamanta, wanda duk da ta hannunsa abin ya faru ba a ga laifinsa ba. Ta bar ƙanenta kazagi, wanda ya rasa wanda zai amsa wa. Ta bar maratayi da gwado. Ta kuma bar, a gonaki goma sha tara, 'ya'yan da ta goya a cikinta wata takwas ba tare da ta faɗa wa kowa ba, yanzu sun fito kore shar, sun kai idon sawu.

Sauran hukunci. Sarkin Makaɗa ya yi kwana goma sha biyu yana binciken magabata, a kan tuwon maƙwabta wanda ba zai ce komai a kansa ba. Ya tarar Illo ya taɓa korar baƙo daga zaure don kawai ya jingina da ganga. Ya tarar Wakili bai taɓa janye magana ba, ko wadda ya faɗa cikin zazzaɓi. Duk inda ya juya a gida, hujja na gāba da shi. Sai ya tuna matan Buzaye da turminsu. Idan a can kayan girki na zama ganga babu mai jin kunya, bai ga dalilin da ganga za ta ji kunya don ta zama rumbu, ko don ta shiga tukunya ba. Ya janye abin da ya faɗa game da ƙamshin yaji. Ya kuma duba ya ga cewa idan za a kori mai yanka, to, mai cin da aka ƙara wa sau biyu, wanda kuma shi ya rarrabar da rumbu, shi ya kamata ya riga ta fita.

Saboda haka Kalilu ɗan Wakili, jikan Illo, yana sanar da jama'a cewa ya janye maganarsa ta bakin gona, dukkanta. Ya nemi wanda ya taɓa yin haka a gidansu bai samu ba. To, ga na farko. 'Yan baya su kafa hujja da shi.

Tsarin jana'iza shi ne kamar haka. Liman ya bayyana, har sau biyu, cewa ba a yi wa itace salla, an kuma karɓi fatawarsa da ladabi. Ba za a binne kango ba. Wada zai ɗaure tsagar da igiya ya liƙe ta da ƙaro, a miƙa shi ga Hajjo ya zama ma'ajin iri, kuma doka ta uku ita ce hannun maigida ba ya shiga ciki. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar a gonar Sarkin Noma, wurin noman fari. Masu zuwa kada su zo da kuka, su zo da hauya. Kazagi zai yi abin da zai iya shi kaɗai. Za a ba da abinci, kuma ana tabbatar wa masu shakka cewa an duba kazagin, fatarsa na nan.

Ana roƙon a karanta wannan takarda a kasuwar Sabon Birni da ta Isa. A Turba kuwa a karanta ta da ƙarfi, a ƙofar gidan da ke kusa da rijiyar yamma, a maimaita sakin layin janye magana. Sarkin Makaɗa zai taso da kansa ranar Alhamis bayan sallar asuba, da ƙafa, babu rakiya, kuma a wannan tafiya an yarda a yi masa magana, zai saurara. Idan mai gadon kango ta yarda ta biyo shi, Asabar na nan yadda aka faɗa. Idan ba ta yarda ba, an ɗage jana'iza har sai ran da ta yarda. Marigayiya ta iya jira, kowa shaida ne.