Rasuwar Mai Doro, Talabijin ɗin Inna Ummu Hani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ke cina kwana uku ke nan, ni Rauda, a madadin iyalan marigayi Riskuwa masunci na Argungu, mazauna Gesse a Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar talabijin ɗinmu, wadda aka fi sani da Mai Doro. Ta cika ranar Asabar bayan la'asar, tana da shekara goma sha tara, a gaban mutum ashirin da biyu waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ya zo dominta.

A yi mini haƙuri in an ga kuskure. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, sau huɗu ina yage takardar. Baba ya ce in rubuta abin da na ga dama amma kada in ɗora addu'ar mamata a kan akwati, don haka duk inda aka ga gurbin addu'a, a san da gangan na bar shi.

Marigayiya ta shigo zuri'armu ne a shekarar da giwan ruwan da kakanmu Riskuwa ya kama ya zo na uku a bikin kamun kifi, aka ba shi ita kyauta. Bayan rasuwarsa, da kakarmu Inna Ummu Hani ta dawo hannun Baba, ba ta yarda an ɗaure ta a bayan mota ba. A cinya ta riƙo ta tun daga Argungu, lulluɓe da zane.

Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa zaɓen mai kallo ba. In an kunna ta sai ta yi "tsiii" na ɗan lokaci kamar mai gyaran murya, sannan hoto ya taso a hankali daga tsakiya. In tsufa ya motsa mata hoton ya hau rawa, mari ɗaya take so, a gefen hagu, da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. Kowa a gidanmu ya san gefen dama ba a taɓa shi, don can ne ta taɓa faɗuwa.

Duk Asabar ƙarfe biyar tana kawo wa Inna shirin Bakin Gulbi, inda ake hira da masunta da manoman shinkafa da masu albasa. Inna ba ta kallon komai sai shi. Tana amsa wa mutanen ciki sallama, tana gyara musu zance in sun yi ƙarya.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da tashar da ke nuna shirin ta sayi izinin nuna ƙwallon Turai. Aka kwashe Bakin Gulbi daga Asabar aka kai Talata da hantsi, daga nan aka kai Alhamis, ba sanarwa, kamar ana yawo da akuyar da ba mai so. Sai aka ce wai an ƙidaya masu kallo, an gano shirin ba ya da jama'a, za a rufe shi. Ni dai ban ga wanda ya zo Gesse ya ƙidaya Inna ba. Da na faɗa mata, cewa ta yi, "Su wa anka ƙirga? Mu da muka zamne gabanta shekara da shekaru, itace muke?"

Ana haka Kawu Tamba ya bugo waya daga Argungu. Ya ce a shirin bankwana za a saka tsohon hoton bikin shekarar da Kaka ya ci kyauta, kuma an tabbatar masa akwai Kaka a ciki, cikin ruwa, a kan gorarsa. Inna ba ta da hotonsa sai na katin zaɓe wanda ruwa ya cinye rabin fuskar. Shekara goma sha ɗaya rabonta da ganin ya motsa. An sa shirin Asabar, huɗu da kwata, sau ɗaya, ba maimaici.

A ranar ne kuma ƙungiyar ƙwallon da yayana Mansur yake goyon baya ke da babban wasa. Wannan wasan kuwa ba tasharmu ke da izininsa ba, wata ce can da ba ta kamawa sai an juya dishi ya kalli wani tauraron ɗan'adam daban. Baba ya tafi Augie ta'aziyya. Tun da safe Mansur ya hau rufi ya juya dishin.

"Inna, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Huɗu da kwata daidai ake tafiya hutun rabin lokaci. In hau in maido miki, ki ga tsohon naki, in sake juyawa. Kowa ya samu."

"Kai dai ka ji tsoron Allah, Mansur."

"Wallahi minti biyu ne."

Inna ta yi wanka, ta sa atamfarta ta Sallah, ta zizara kwalli, ta turara jiki. Na tambaye ta ko unguwa za ta, ta ce in rufe mata baki.

Kafin uku da rabi falo ya cika da abokan Mansur da abokan abokansa. Ina jin kunyar rubuta abin da suka mayar da ɗakin. Ɓawon gyaɗa har cikin takalman Baba. Wani ya zo da rake yana tauna yana tofar da tuƙar a bayan kujera. Wani ya cire safa ya ɗora a kan littafina, warin kamar an buɗe buhun daddawar da ruwa ya taɓa. Suna ihu suna kiran sunayen Turawan da ba su san da zamansu a duniya ba, suna cewa "mun sayi wane, mun sayar da wane", mutanen da ko kaza ba su taɓa saya ba. Inna tana gefe a kan tabarma, da carbi, tana duban agogo.

Aka tafi hutu. Suka fita suka yi la'asar kamar kaji na tsattsagar hatsi. Mansur ya hau rufi, ɗan'uwanmu Mujtaba ya tsaya a taga.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba!"

"Yanzu fa?"

"Ka wuce! Dawo kaɗan! Kai, hagu na ce, makaho!"

Minti biyun Mansur suka zama goma sha ɗaya. Marigayiya tana ta "shhhh", fuskarta duk yayyafi. Sai ga ruwan Matan Fada na Argungu, jawur, cike da mutane da goruna da homa. Inna ta rarrafa har gabanta. Hoton ya matso kan wani mutum da ya ba da baya, ƙirjinsa a kan gora, hannu ɗaya cikin bakin kifi. Ban ga fuska ba. Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin ta ce, "Shi na. Ga kafaɗar nan da ta karye."

Mutumin ya fara juyowa. Tashar ta yanke ta sa tallar sinadarin miya.

Wata mata mai jan baki tana rawa da cokali, sau biyu a jere. Kafin ta gama an dawo wasa, falo ya rikice. "A juya! A juya mana!" Hoton ya hau rawa. Wani Sama'ila, wanda har yau ban san wa ya gayyato shi ba, ya tsallake ƙafar Inna ya ce, "Wannan tsohuwar akwatin duka take so," ya kai mata naushi. A gefen dama.

Ta ce "ɗas". Hoton ya tattare ya koma ɗigo ɗaya fari a tsakiya, ɗigon ya ɗauke. Wani siririn hayaƙi ya fito ta doron.

Hayaƙin bai gama bajewa ba falo ya zama wayam. Sun ruga gidan kallo na bakin titi, har da Mansur, wanda ya diro daga rufi bai ko leƙo ba. Na ji daga baya an ci su uku da nema. Ban yi musu jaje ba.

Marigayiya ta bar rimot ɗaya naɗe da leda da kyauro, da dikoda, da mayafin leshi da mahaifiyarmu ta ɗinka mata, da dishi wanda yanzu yake kallon tsakanin taurari biyu, bai kama ko ɗaya ba. Ta bar Inna.

Washegari Baba ya kira Malam Hodi mai gyara. Ya buɗe ta, kyankyasai suka watse, ya hura ƙura, ya ce abu ɗaya ne ya ƙone, kafin azahar zai tashe ta. Mansur har ya fara murmushi. Inna ta ce a mayar da murfin.

"A tashe ta ta nuna mi? Ƙwallo da matar cokali? Shi tag gani ƙarshe. Ku bar mata shi."

Baba ya dubi Malam Hodi, Malam Hodi ya mayar da kusoshinsa ɗaya bayan ɗaya.

Za a ɗauki marigayiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe uku da rabi, daga Gesse zuwa Argungu, inda za a ajiye ta a tsohon ɗakin Kaka, fuskarta na kallon gulbi. Inna ce ta zaɓi lokacin, bayan ta tambayi Mujtaba ƙarfe nawa ne wasan wannan makon. Ana karɓar gaisuwa a gida kullum bayan la'asar, ban da Sama'ila, kuma duk mai zuwa ya bar rakensa a waje. Inna za ta zauna a gaban mota. Mansur zai zauna a baya, shi zai riƙe gawar a cinya har Argungu, kuma Baba ya riga ya karɓe wayarsa.