Ranar Da Na Yi Wa Hita Fifita

Jikata Hindatu ce ta haihu a Batsari, aka ɗauko ni a babur daga Karare don wankan jego. Duk garinmu ba wadda ta kai ni sanin ruwan jego. Haka na gaya wa mai babur, ko da yake bai tambaye ni ba.

Na nemi itace, sai Hindatu ta miƙo mini wani lanƙwasasshen ƙarfe mai igiya, wai hita. "Kaka, sai an tsoma ta a ruwa ake jonawa."

"Ke, koma ki kwanta. Wa ya taɓa ɗora tukunya wuta ba ta kama ba?"

Na jona ta a bango, na ɗora a kan bulo, na zauna ina yi mata fifita da faifai. Ta kuwa yi jawur, har na ce madalla. Sai ji na yi fau! Hayaƙi ya tashi, wutar gidan ta ɗauke, jariri ya tsala kuka. A murhun maƙwabta aka dafa ruwan, matan unguwa na leƙowa suna yi mini sannu da aiki.

Sale, mijin Hindatu, ya tambayo kuɗin sabuwar hita, ya dawo yana salati. Ban bari ya biya ba. Zabbina biyu masu ƙwai suka tafi kasuwa.

Yaron har ya fara tafiya. Amma duk ranar da na je, Sale zai durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Kaka, firjinmu ya daina sanyi. Ko za ki duba mana?"